Kabul na faɗuwa, minista na hutu: nazarin wani lamari daga Birtaniya

Tushen lamarin: Fabrairun 2020 zuwa Yulin 2021

Wanda wannan nazari ya shafa shi ne ministan harkokin wajen Birtaniya a shekarar 2021. Ya hau kujerar a Yulin 2019, kuma ba ƙaramin mutum ba ne a gwamnatin: lokacin da korona ta kwantar da firaminista a asibiti a Afrilun 2020, shi ya riƙe masa ƙasar. Za a riƙa kiransa da muƙaminsa, haka ma sauran jami'an Birtaniya da suka shigo labarin, tunda aikin kujerun ake dubawa.

Abin da ya same shi bai zo bagatatan ba. Ranar 29 ga Fabrairun 2020 Amurka ta ƙulla yarjejeniya da Taliban a Doha, babban birnin Katar, cewa za ta kwashe sojojinta daga Afganistan. Ranar 14 ga Afrilun 2021 Shugaba Joe Biden ya tabbatar da ficewar, ƙasashen NATO suka bi sahu, daga baya aka tsayar da 31 ga Agusta a matsayin ranar ƙarshe. Birtaniya ta yi shekara 20 a ƙasar, ta rasa soja 457, akasarinsu a lardin Helmand. Dubban 'yan Afganistan sun yi mata aiki: tafintoci, direbobi, masu gadi, ma'aikatan ofishin jakadanci. Ba wanda bai san abin da ke jiransu ba idan Taliban ta dawo.

Aikin fitar da mutane ya rabu ne tsakanin ma'aikatu uku. Ma'aikatar tsaro ce ke riƙe da shirin ARAP, wanda aka buɗe ranar 1 ga Afrilun 2021 domin waɗanda suka yi wa Birtaniya aiki kai tsaye. Ma'aikatar cikin gida ke tantance mutum ta ba shi izinin shiga ƙasa. Ma'aikatar harkokin waje kuwa tana da 'yan Birtaniya mazauna Afganistan, da ofishin jakadanci, da hulɗa da maƙwabta irin su Pakistan da Uzbekistan da Tajikistan, inda za a bi ta ƙasa idan hanyar sama ta toshe. Ita kanta ma'aikatar ba ta gama zama daram ba, domin a Satumban 2020 aka haɗe ta da ma'aikatar tallafa wa ƙasashen waje, kuma kwamfutocin ɓangarorin biyu ba su gama fahimtar juna ba.

Faransa ta fara kwashe ma'aikatanta 'yan Afganistan da iyalansu tun watan Mayu, ta fitar da mutum kusan 600 kafin ƙarshen Yuli, duk da ƙorafin da wasu suka yi cewa ta yi gaggawa. A Landan lissafin daban ne. Hasashen da hukumomin leƙen asiri suka fi ba ƙarfi shi ne cewa al'amura za su yi ta taɓarɓarewa sannu a hankali, amma da wuya Kabul ta faɗi a cikin 2021. Farkon Yuli Amurkawa suka bar Bagram, babban sansanin sojansu a Afganistan. Ranar 22 ga Yuli wani rahoton cikin gida na ma'aikatar harkokin waje ya yi gargaɗin cewa birane na iya faɗuwa, dakarun gwamnati su watse, Taliban ta koma mulki, har ta kai a rufe ofishin jakadanci.

6 zuwa 12 ga Agusta: birane suna tafiya ɗaya bayan ɗaya

Agusta watan hutu ne a siyasar Birtaniya. Majalisa tana rufe, manyan ministoci kan yi tafiya da iyalansu, a bar ƙaramin minista guda yana riƙon ofis bisa tsarin karɓa-karɓa. Abu ne da aka saba, kuma a shekarar da lafiya lau ake ba mai cewa uffan. Ministan ya tafi da iyalinsa tsibirin Kirit na ƙasar Girka, ya sauka a wani babban otal na bakin teku. Ranar da ya tashi kuwa, daga baya 'yan majalisa sun yi ta maimaita masa tambayar, ya ƙi faɗa.

Ranar Juma'a 6 ga Agusta Taliban ta kama Zaranj a lardin Nimroz, babban birnin lardi na farko da ya shiga hannunta. A ranar ce ma'aikatar ta shawarci duk ɗan Birtaniya da ke Afganistan ya fice. Kunduz ta tafi ranar 8. Ranar 9 babban sakataren ma'aikatar, wato shugaban ma'aikatanta kaf, ya fara nasa hutun. Ranar Alhamis 12 Ghazni da Herat suka faɗi, Kandahar ta bi bayansu, kuma tsakanin Ghazni da Kabul kimanin kilomita 150 ne. A wannan Alhamis ɗin gwamnati ta sanar da tura soja kusan 600 domin kwashe mutane. Ministan yana Kirit.

Dabarar da aka dogara da ita a makon ita ce aiki daga nesa. Ministan ya ce yana ɗakin otal yana karɓar bayanai, yana shiga taruka ta waya da bidiyo, yana ba da umarni. Korona ta riga ta sa an saba da hakan a ofisoshin gwamnati.

Juma'a 13 ga Agusta: wayar da ba a buga ba

Da yammacin Juma'a jami'an ma'aikatar suka aika wa ofishin ministan shawara cewa ya kira takwaransa na Afganistan, Hanif Atmar, cikin gaggawa, kan batun fitar da tafintoci. Ana neman gwamnatin Kabul ta sassauta, ta bar mutanen su hau jirgi ko da takardunsu ba su cika ba. Jami'an sun so shi da kansa ya kira. Aka miƙa aikin ga ƙaramin ministan da ke riƙon ofis, wanda fanninsa muhalli ne da yankin tekun Pasifik. Ba a taɓa yin wannan waya ba.

Bayanin da ministan ya fitar mako guda bayan haka ya ce ya miƙa kiran ne saboda ya fifita batun tsaron filin jirgin sama da yawan mutanen da zai iya ɗauka, bisa shawarar manyan jami'an da ke kula da rikicin, kuma Atmar ya yarda ya amsa amma al'amura suka sha kansa. Ministan tsaro, wanda ba a san su da jituwa ba, ya ce kiran ba zai canza komai ba, domin gwamnatin Afganistan ta riga ta fara narkewa.

Jaridu sun kuma ruwaito cewa a wannan Juma'ar wani babban jami'in fadar firaminista ya ce masa ya dawo gida, shi kuma ya yi magana da firaminista aka bar shi ya ƙara kwana 2.

14 zuwa 16 ga Agusta

Ranar Asabar Mazar-i-Sharif ta faɗi, firaminista ya tafi nasa hutun a Somerset da ke kudu maso yammacin Ingila. Safiyar Lahadi 15 ga Agusta Jalalabad ta miƙa wuya, kafin dare shugaban Afganistan Ashraf Ghani ya tsere, mayaƙan Taliban suka shiga fadarsa. Daga Zaranj zuwa Kabul kwana 9 ne. Firaminista ya koma Landan ya jagoranci taron kwamitin gaggawa da ake kira Cobra. Ministan ya bar Kirit a daren, ya sauka Landan wayewar Litinin. Babban sakatare bai katse hutunsa ba.

A Kabul an riga an rufe ofishin jakadanci an koma filin jirgin sama, kuma an kwashe ma'aikatan da ke duba fasfo da biza, aka samu giɓin kusan kwana 2 kafin waɗanda za su maye gurbinsu su iso. A gaggawar fita an bar takardu a harabar ofishin ɗauke da sunaye da bayanan ma'aikata 'yan Afganistan da masu neman aiki. Wakilin wata jaridar Landan ne ya gan su a warwatse, bayan ginin ya koma hannun Taliban. Jakadan dai bai tafi ba. Ya zauna a filin jirgin, yana sa hannu a takardun mutane da kansa.

16 zuwa 28 ga Agusta: Landan da Kabul

Dawowar ministan ba ta daidaita ofishin ba. Mafi yawan abin da aka sani game da waɗannan kwanaki ya fito ne daga shaidar da wani matashin ma'aikaci ya rubuta wa kwamitin harkokin waje na majalisa, aka wallafa ranar 7 ga Disamban 2021. Ya yi aiki a sashen da ke duba waɗanda ba su cancanci ARAP ba amma rayuwarsu na cikin haɗari saboda alaƙarsu da Birtaniya: alƙalai, 'yan jarida, mata masu fafutuka, jami'an tsohuwar gwamnati. An ƙirƙiri wannan sashe ne bayan faɗuwar Kabul, ba a tanade shi ba tun farko.

Ya ƙiyasta cewa mutum 75,000 zuwa 150,000, har da iyalai, suka nemi taimako ta wannan hanya, kuma waɗanda suka samu ba su kai kashi 5 cikin 100 ba. Saƙonnin imel da ba a buɗe ba sukan wuce 5,000 a lokaci guda. Da ranar Asabar 21 ga Agusta, in ji shi, shi kaɗai ke duba akwatin saƙonnin. Ba mai jin Dari ko Pashto, manyan harsunan Afganistan, a tawagar. Ma'aikata na tashi bayan awa 8 kamar yadda aka saba, ba a tilasta wa kowa aikin dare ko na ƙarshen mako ba. Da aka kawo sojoji su taimaka, sai da suka yi ta jiran a ba su kwamfuta. Waɗanda suka zo daga tsohuwar ma'aikatar tallafi kuma sun sha wahalar shiga takardun da ake aiki a kansu. Ƙananan ma'aikata da ba su san Afganistan ba su ne ke zaɓen wanda zai hau jirgi da wanda za a bari.

Game da ministan, ma'aikacin ya ce da aka tura masa sunayen da ke buƙatar amincewarsa a kwanakin ƙarshe, an yi awoyi ba amsa, sannan ofishinsa ya ce a sake jero su a tsararren jadawali. Ministan ya kare kansa: ya ce neman a gabatar da hujja a fili ba laifi ba ne, domin akwai haɗarin shigo da masu mugun nufi, kuma mai shaidar ƙaramin ma'aikaci ne da bai ga dukan abin da ke gudana ba. Wata babbar ma'aikaciya da ta ba da kanta ga cibiyar gaggawar ta ba da shaida a Maris ɗin 2022 wadda ta gaskata yawancin abin da matashin ya faɗa.

Rashin sanin wanda ke da ta cewa ya fi fitowa fili a batun wata ƙungiyar kula da karnuka da kyanwoyi a Kabul, ta wani tsohon sojan Birtaniya. An ba ma'aikatanta izinin fita alhali ba su cika sharuɗɗan ba. Saƙonnin jami'ai sun ce firaminista ne ya amince, shi ya musanta, kuma har aka gama bincike kwamitin bai samu amsa miƙaƙƙiya ba kan wanda ya ba da umarnin. Dabbobin dai sun tashi a jirgin haya.

A Kabul hoton daban ne. Soja sama da 1,000, akasarinsu daga rundunar 'yan laima, tare da jakada da ƙaramar tawagar farar hula, suka mai da otal ɗin Baron da ke gefen filin jirgin wurin tantancewa. Mutane na tsaye a rana da cikin kwatami, ana turmutsutsu har ana mutuwa, kuma sai sun wuce shingayen Taliban kafin su iso. Duk da haka jiragen sojan sama sun yi ta tashi, wani ma ya ɗauki mutum sama da 400 a tashi guda. Ranar Alhamis 26 ga Agusta ɗan ƙunar baƙin wake na ƙungiyar IS reshen Khorasan ya tayar da bam a ƙofar Abbey ta filin jirgin, ya kashe sojan Amurka 13 da 'yan Afganistan kusan 170. Cikin mamatan akwai 'yan Birtaniya 2 da ɗan wani ɗan Birtaniya. A wannan ranar ce babban sakatare ya dawo bakin aiki, kwana 11 bayan faɗuwar Kabul.

Jirgin Birtaniya na ƙarshe ya tashi ranar 28 ga Agusta. An fitar da mutum sama da 15,000, ciki har da 'yan Birtaniya da iyalansu kusan 5,000 da mutanen ARAP kusan 8,000. Ministan tsaro ya ƙiyasta cewa an bar 800 zuwa 1,100 na waɗanda suka cancanci ARAP, da 'yan Birtaniya 100 zuwa 150.

Satumban 2021 zuwa Mayun 2022: bincike

Kafin a gama kwashe mutanen ma ministan ya shiga kare kai. Ya amsa cewa da ya san abin da zai faru da bai tafi ba. Da aka ce an gan shi yana wasa a teku ranar da Kabul ta faɗi, ya musanta, ya ce ai a rufe tekun yake ranar, an kafa jar tuta. Wannan amsa ta zama abin barkwanci, ta kuma bi shi fiye da duk wani bayani da ya yi kan manufa.

Ranar 1 ga Satumba ya bayyana gaban kwamitin harkokin waje. Shugaban kwamitin, Tom Tugendhat, ɗan jam'iyyarsu ne kuma tsohon soja da ya yi aiki a Afganistan. Ministan ya jingina da hasashen leƙen asiri, Tugendhat ya karanto masa rahoton 22 ga Yuli na ma'aikatarsa. Bai iya ba da takamaiman adadin waɗanda aka bari ba. An kuma tambaye shi kan rahotannin cewa ya yi watanni bai kira takwarorinsa na Afganistan da Pakistan ba kafin rikicin, ya nuna cewa ƙaramin ministan yankin ne ke riƙe da yawancin wannan hulɗa. Yana fita daga zaman ya kama hanyar Katar, daga nan Pakistan, domin neman hanyar fitar da sauran mutane ta ƙasa.

Babban sakatare ya faɗa wa kwamitin a Disamba cewa da za a maimaita da ya dawo da wuri, amma ya ce ya bar masu riƙon ƙwarya, kuma kasancewarsa a Landan ba za ta ƙara yawan waɗanda aka fitar ba. Rahoton kwamitin ya fito ranar 24 ga Mayun 2022. Ya kira ficewar bala'i da cin amanar abokan tafiya, ya ɗauki rashin minista da babban sakatare a lokacin faɗuwar Kabul a matsayin babban abin zargi, ya kuma nemi babban sakataren ya duba ko ya dace ya ci gaba da zama a kujerarsa.

Inda aka kwana

A garambawul ɗin 15 ga Satumban 2021 aka ɗauke ministan daga harkokin waje aka kai shi ma'aikatar shari'a, aka ƙara masa da muƙamin mataimakin firaminista. Ya bar gwamnati a Afrilun 2023 saboda wani bincike daban kan yadda yake mu'amala da ma'aikata. Babban sakatare ya ci gaba da aiki har Janairun 2025. Ma'aikaciyar da ta ba da shaida kuwa an kore ta a 2022 saboda ta yi magana da 'yan jarida, kuma a Fabrairun 2025 kotun ma'aikata ta yanke cewa korar ba ta kan ƙa'ida. A Holan, inda majalisa ta kaɗa ƙuri'ar tsawatarwa kan irin wannan sakaci, ministar harkokin waje ta sauka ranar 16 ga Satumban 2021, ta tsaro ta bi ta washegari.

Hukunci

Masu kare ministan suna da gaskiya a abu biyu. Ko a Landan yake Kabul za ta faɗi, domin Washington ce ta yanke ranar tafiya. Wayar Atmar kuma, a ganina, an ba ta muhimmancin da ya wuce nata: gwamnatin da kwana 2 suka rage mata ba ta da abin da za ta bayar. Amfanin labarin wayar shi ne ya nuna yadda ofishin ke tafiya a makon, jami'ai na cewa sai shi, amsa na dawowa cewa a nemi wani.

Inda hujjarsu ta raunana shi ne cewa waya da bidiyo sun wadatar. Ta waya ana iya halartar taro, ana iya sa hannu. Amma duk abin da ya lalace a Landan ƙananan abubuwa ne da ba sa kaiwa teburin taro: mutum ɗaya a kan akwatin saƙonni, ba mai jin harshen, ba kwamfuta, ba aikin dare, ma'aikatu uku kowa da nasa jerin sunaye. Ƙaramin ma'aikaci ba shi da ikon karya ƙa'idar awa 8, ba zai iya janyo mutum 200 daga wasu sassa ba, ba zai iya kiran ministan tsaro ko na cikin gida ya ce a haɗa jerin sunayen yau ba. Minista da babban sakatare ne ke da wannan iko, kuma sai sun shiga ɗakin sun gani da ido za su san ana buƙatarsa, domin rahoton da ke hawa sama yakan iso a goge. Ga kuma abin da na ƙasa ke karantawa. Wanda ya san minista da babban sakatare duk suna hutu, da wane baki za a ce masa ya kwana a ofis? A Kabul, inda mai iko yake tsaye a wurin, an yanke dubban ƙananan hukunce-hukunce nan take, shi ya sa mutum 15,000 suka fita ta ƙofar da ake mutuwa a bakinta.

Sai dai dawowa da gangar jiki ma ba ta isa ba. Daga 16 ga Agusta yana Landan, kuma ranar 21 ɗin da mutum ɗaya ke duba saƙonni ta zo ne yana gari. Rashin nasa ya faro tun Afrilu. Wata 4 ne tsakanin sanarwar Biden da faɗuwar Kabul, kuma a cikinsu ne ya kamata a rubuta sunayen alƙalai da 'yan jarida, a shirya da gwamnatocin Pakistan da Uzbekistan kan iyakoki, a ƙone takardun ofishin jakadanci a natse. Ba a fafe gora ranar tafiya. Hasashen leƙen asiri ya yi kuskure, gaskiya ne, amma Faransa ba ta jira tabbaci ba, kuma rahoton 22 ga Yuli daga cikin gidansa ya fito.

Tafiya hutu a farkon Agusta ana iya yi mata uzuri, minista ma mutum ne mai iyali. Ranar da uzurin ya ƙare ita ce Alhamis 12 ga Agusta. Ranar ce gwamnatin da yake cikinta ta yarda a fili cewa sai da soja za a fitar da mutanenta, kuma mutanen nan nauyin ma'aikatarsa ne. Daga Kirit zuwa Landan tafiyar awa 4 ce a jirgi. Ya yi ta ne ranar Lahadi da dare.